Babi na 6: Shirya Ruwan Sabon Akwatin Kifi Kafin a Zuba Kifi

Darasi na 1: Abin da ke kashe kifi a sabon akwati

Iyayena da yayyena, a babin da ya wuce mun auna akwatin gilashi da tef. Wanda tsawonsa ya kai santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, yana cin ruwa lita 54, wato jarka 2 mai lita 25 da ɗan ƙari. Yau ruwa za mu zuba. Ruwa kawai. Kifi sai nan gaba.

Kifi yana kashi a cikin ruwan da yake zaune, kuma yana fitar da wata guba ta gefen kansa, inda yake numfashi. Sunanta amoniya. A jikin kwalbar gwajin ruwa za ku ga an rubuta NH3. Ku ɗauki fensir ku rubuta: N, sai H, sai 3. Ido ba ya ganinta. Ruwa zai yi garau, amma kifi ya taso sama yana haki, ya ƙi abinci, bayan 'yan kwanaki a tarar da shi ciki sama. Sai a ce mai shago ya sayar da marar lafiya, wasu ma su ce kambun baka ne. Yawanci gubar nan ce.

Allah Ya yi wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye ta. Na farko suna mayar da NH3 ta koma NO2, ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Na biyu suna mayar da NO2 ta koma NO3, wadda ba ta da kaifi sosai, kuma canjin ruwa yana rage ta. Ku duba lambar ƙarshe ta NO2 da NO3 da kyau. Mai 2 tana kisa. Mai 3 da sauƙi.

Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Idan aka jira su taru da kansu, sai an yi mako 4 zuwa 6. Idan aka kawo iri, mako 1 zuwa 2 kan isa, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta yi saurin kamawa.

Darasi na 2: Ruwa da soso

Ku natsu nan, don nan ne ake yawan faɗuwa.

Ruwan famfo da ke zuwa daga gidan ruwa ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin bai san mai amfani da marar amfani ba, duka yake kashewa. Saboda haka kafin komai, sai maganin kulorin. Idan Seachem Prime kuka samu, mililita 5 yana wadatar da lita 200, to akwatinmu mililita 1 da rabi ya ishe shi. Ku sayi sirinji a kyamis, ku cire allurar, ku auna da shi. Wanda bai samu magani ba ya tara ruwa a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, awa 24, ko da yake magani ya fi tabbas. Ruwan rijiya da na burtsatse yawanci babu kulorin a ciki, sai dai iskarsa kaɗan ce, a kunna masa famfon iska, wato na'urar da ke hura iska cikin ruwa, ya kwana. Na 'yan garuwa kuwa, ku tambaye su inda suka ɗebo.

Ƙwayoyin nan ba yawo suke a ruwa ba. Mannewa suke a jikin abu: tsakuwa, gilashi, kuma mafi yawansu a cikin soson filta, wato na'urar da ke tace ruwan akwati. Bayan kwanaki soson zai yi duhu, ya yi santsi, idan kun matsa ruwa mai launin ƙasa ya fito. Wannan dauɗar ita muke nema.

Ba a wanke soson filta da ruwan famfo. Ba a sa masa sabulu. Ba a sa masa Omo. Ba a shanya shi a rana.

Ku karanta layin nan da ƙarfi. Ku sake.

Na san abin yana da wuya, musamman ga iyayena mata da hannunsu ya saba da tsabta. An ga soso ya yi baƙi, zuciya ba za ta bari ba. Na ga wata baiwar Allah a aji ta kawo nata fari tas, har da ƙamshi, tana murna, ga kifinta kuwa sun fara haki. Ba laifinta ba ne, tsabta ta sani. To ga yadda ake yi: a ɗebi ruwa daga cikin akwatin a zuba a roba, a tsoma soson, a matsa sau 2 ko 3, a mayar da shi da sauran duhunsa. Ruwan ina? Ruwan akwatin. Ba na famfo ba.

Darasi na 3: Kawo iri

Hanya 2 ce.

Ta farko ta fi arha, kuma a ganina ta fi inganci. Ku je wurin wanda akwatinsa ya yi watanni, kifinsa lafiya lau, ku roƙi guntun tsohon soso ko tafi ɗaya na tsakuwa. A sa a leda da ruwan akwatinsa, a kawo gida kai tsaye, a sa kusa da sabon sosonku. Ba a biyawa kasuwa da shi a aljihun babur. Kuma, Malam, idan kun iso gida kada ku ce bari a ɗauraye shi tukuna. Ba a ɗauraye shi. Da kun sa masa ruwan famfo, kun yi tafiyar banza.

Wasu suna tambaya ko su ɗebo laka a Kwalkwalawa, tunda Gulbin Rima cike yake da kifi. A'a. Za ku kwaso tsutsa da cuta tare.

Ta biyu ita ce irin da ake sayarwa a kwalba, kamar Seachem Stability, Tetra SafeStart ko API Quick Start. Abu mai rai ne a ciki, kuma mu Sakkwatawa mun san zafin Afrilu, yakan wuce digiri 40. Kwalbar da ta yini a rana kan tebur, ku bar wa mai ita. Ku duba ranar lalacewa, idan lambobin sun yi ƙanana ku ba yaro ya karanta, babu kunya a ciki. A gida a ajiye ta a inuwa, ba a cikin firiza ba.

Awon Stability shi ne mililita 5 ga lita 40 a ranar farko, sai mililita 5 ga lita 80 kullum har kwana 7. Ga akwatinmu, kusan 7 ranar farko, kusan 3 sauran kwanakin. A girgiza kwalba kafin a zuba. Sauran kwalabe kowace da awonta a jiki. Maganin kulorin shi ne farko, iri daga baya. Wanda ya juya, ya zubar da kuɗinsa.

Sai abinci. Ƙwayoyin suna buƙatar amoniya kafin su yaɗu, ga shi babu kifi. Don haka kullum ku barbaɗa ɗan abincin kifi, abin da yatsu 2 suka tsinko, ya ruɓe a ciki. Mutanen gida za su yi dariya, wai kuna ciyar da ruwa. Ku ƙyale su.

Filta da famfon iska su yi aiki dare da rana, don ƙwayoyin da iska suke rayuwa. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a kunna ƙaramin famfo mai batir ko na sola. Sun fi son ruwa mai digiri 25 zuwa 30, shi ya sa a hunturu, Disamba da Janairu, aikin kan yi nawa.

Darasi na 4: Gwaji

Ana gwadawa bayan kowane kwana 2. Idan kayan gwajin kamfanin API ne, a zuba ruwa mililita 5 a 'yar kwalba, daidai layi. Ga NH3, ɗigo 8 daga kwalba ta 1, ɗigo 8 daga ta 2, a jira minti 5. Rawaya na nufin 0, kore na nufin akwai guba. Ga NO2, ɗigo 5. Shuɗi mai haske na nufin 0, shunayya na nufin akwai guba. Ku rubuta rana da launi.

NH3 za ta hau ta sauka, NO2 ta biyo baya, sannan NO3 ta bayyana. Idan NO2 ta ƙi sauka, tambayar da zan yi muku kun san ta: wa ya wanke soso? Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Mutum da furfurarsa, an ce kar ya taɓa, ya je ya taɓa, sannan ya zo yana cewa maganin jabu ne.

Darasi na 5: Zuba kifi

Bayan sun hau sun sauka, idan NH3 ta nuna 0, NO2 ta nuna 0, a canza rabin ruwa, da maganin kulorin. A fara da ƙananan kifi 3. A ɗora ledarsu kan ruwa minti 15 kafin a sake su. Abinci kaɗan. Ƙari sai bayan mako 1, bayan gwaji.

Darasi na 6: Kowane mako

A canza kashi 1 cikin 4 na ruwa. Soso sai ya toshe ake matsa shi, a ruwan akwati.

Aikin gida: ku rubuta NH3, NO2, NO3 sau 5, ku zo da littafin gwaji.