Yadda Ake Yin Gurasar Lawashi Irin ta Ƙasar Sin

A yawancin gidajenmu lawashi ɗan rakiya ne. A yanka kaɗan a watsa kan dambu ko kwaɗo, sauran ya kwana biyu a kwando ya yanƙwane, a zubar. Masu dabara ne ke daka shi su shanya ya zama gabu. A wasu ƙasashen kuwa shi ne uban tafiya. Mutanen Koriya na jera shi da tsawonsa cikin ƙullun fulawa su soya, suna kiransa pajeon. A Ailan ana dama shi cikin dafaffen dankalin turawa da madara da man shanu. Garin Valls da ke yankin Kataloniya a Sifaniya kuma ya yi suna wajen gasa wani irin dogon lawashi a kan wuta lokacin sanyi.

Abin da nake so uwargida ta gwada shi ne gurasar lawashi ta Sin, wadda suke kira cong you bing. Ana sayar da ita a bakin titi a Shanghai da kasuwannin dare na Taiwan. Duk abin da take buƙata yana nan a kicin ɗinki, kuma ba ta son yis.

Ki tanadi fulawa kofi 2, tafasasshen ruwa kashi 3 cikin 4 na kofi, gishiri ƙaramin cokali 1, yankakken lawashi kofi 1, sai man gyaɗa. In kina da man riɗi, ƙamshin zai fi kama da na can. Wasu girke-girken Sinawa da kitsen alade suke yi, don haka ki lura in kina bin na intanet. Man gyaɗa ya wadatar.

Kwaɓi. Ki zuba fulawa a roba da rabin gishirin, ki riƙa tsiyaya ruwan zafin kina juyawa da cokali. Kada ki yi da ruwan sanyi. Ruwan zafi ne ke karya danƙon fulawa, shi ya sa kwaɓin zai miƙe ya yi faɗi ba tare da yana tsukewa ya koma baya ba. In ya huce yadda hannu zai jure, ki murza na minti 5 har ya yi sumul. Ki rufe da tsumma mai ɗan laima ya huta na minti 30.

Lawashin. A nan aka fi yin kuskure. Ki wanke shi, ki baza ya tsane sarai kafin ki sa masa wuƙa, domin jiƙaƙƙen lawashi yana huda kwaɓi ya sa shi caɓewa. Ki yanka ƙanana da wuƙa mai kaifi. Mai dakushi dandatsa shi take yi ruwansa ya fito. Koren ganyen ya fi dacewa. Farin gindin yana da tauri da yaji, in za ki sa shi sai ki tsaga shi biyu ki yanka siriri sosai. Kada ki barbaɗa masa gishiri ki ajiye, zai tsatso ruwa.

Naɗi. Ki raba kwaɓin gida 4. Ki ɗauki ɗaya ki murza shi da katakon murza fulawa ko kwalba mai tsabta, ya yi faɗi ya yi fele-fele. Ki shafe samansa da mai, ki barbaɗa gishiri, sannan lawashi, kada ki yi masa rowa. Sai ki naɗe shi daga gefe guda ya zama dogo, ki matse bakinsa biyu, ki murɗe shi ya zagaye kansa kamar gammo, ki cusa jelar a ƙasa. Wannan naɗin shi ne sirrin gurasar gaba ɗaya: man da ke tsakanin kowane zagaye ne ke hana kwaɓin haɗewa, shi ya sa in ta soyu za ki ga cikinta hawa-hawa. Ki bar su su huta minti 10 zuwa 15, sannan ki danna da tafin hannu ki sake murzawa a hankali, kaurin ya kai kamar rabin santimita. In lawashi ya ɗan leƙo waje ba komai.

Suya. Ki ɗora kasko mai faɗi a matsakaiciyar wuta da mai cokali 2. Ki sa gurasar ki rufe na minti 2 don cikinta ya nuna, ki juya ki sake rufewa. Daga nan ki buɗe ki ci gaba da juyawa har gefe biyun su yi ja su yi ƙaras-ƙaras. Wuta mai ƙarfi za ta ƙona bayanta ta bar cikin ɗanye. Da kin sauke, ki matso ta daga gefe da gefe da cokula biyu don hawa-hawan ya buɗe, ki yanka gida 6.

Sinawa na tsoma ta cikin soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano da ake yi da waken suya, wanda aka haɗa da baƙin binega da ɗanyar citta. In babu binegar, ki matsa lemun tsami a soya sos ɗin ki ƙara ɗan attaruhu. A Taiwan sukan fasa ƙwai a kasko su kifa gurasar a kai su soyu tare, kuma da shayi wannan ya isa karin kumallo.

Da zafinta ake ci, in ta huce tauri take yi. In kin yi da yawa, ki jera ɗanyun da kika murza da leda a tsakaninsu ki sa a firiza. Ranar da kike so sai ki ɗauko ki sa a kasko kai tsaye, ba sai sun narke ba, ki dai rage wutar ki ƙara minti ɗaya ko biyu a kowane gefe.