Yadda ake gane tsaron unguwa kafin a biya kuɗin haya a bayan garin Accra

Idan yara suka girma, ɗaki ɗaya a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango ya daina ɗaukar iyali, sai ido ya koma bayan gari: Kasoa, Amasaman, Adenta, Ashaiman, ko can gaba da Madina. A can ne ake samun ciki da falo da ɗan tsakar gida a kan kuɗin da bai fi ƙarfin mutum ba. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen biya. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Ranar da ka damƙa kuɗin nan, ka ɗaure kanka da unguwar, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Na ga iyalin da suka tare da murna, bayan wata uku matar gida ta daina fita kasuwa da asuba saboda an tare ta a hanya, kuma ba halin tashi tunda kuɗin ya shiga hannun mai gida. Kafin biya ake wannan bincike, ga kuma yadda ake yin sa.

Mataki na farko: ajiye sunan unguwa a gefe

Sunan da unguwa ta yi a bakin mutane ya kan tsufa ya bar gaskiya a baya. Mu da muka tashi a zango mun fi kowa sanin haka. An daɗe ana kiran Nima da sunaye marasa daɗi, amma baƙon da ya shiga lungunanta da mugun nufi, kafin ya wuce gida biyar idanu ashirin sun gan shi: tsohuwa a ƙofar gida, masu shan ataya a benci, mai gasa tsire, yaran makaranta. Sabuwar unguwa kuwa, mai dogayen katangu da shiru, ana iya kwashe gida da rana tsaka maƙwabci bai sani ba, don bai ma san fuskar mai gidan ba balle ta baƙo.

Haka ma alƙaluman laifuka da ake karantowa a rediyo. Yawanci na ƙasa ne baki ɗaya ko na yanki. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra yana da mutum fiye da miliyan 5 da dubu 400. Adadin da aka tara a kan jama'a mai yawa haka ba zai gaya maka abin da ke faruwa a layin da za ka kwana ba. Kasoa ma, wadda sunanta ya fito daga kalmarmu ta kasuwa, ba a yankin Accra take ba, a yankin Tsakiya take, ko da yake da yawa daga masu kwana cikinta a Accra suke neman abinci. Ga wani abu kuma: abin da aka kai wa 'yan sanda kaɗai ake rubutawa. Wayar da aka fizge, kayan shanya da aka kwashe, batirin mota da aka cire, da yawa ba sa kaiwa ofis. Wani lokaci ƙarancin ƙara yana nufin mutane sun gaji da kai ƙara ne. Ka saurari alƙaluma, ka riƙe su, amma kada ka biya kuɗi a kansu.

Mataki na biyu: je ka gani sau uku, a lokuta daban

Wannan shi ne jigon aikin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Dillali da rana zai kai ka, galibi ranar Asabar, lokacin da kowa yana gida, unguwa cike. Wannan zuwan na ganin ɗaki ne kawai. Sauran biyun naka ne, ba tare da shi ba.

Je ranar aiki da hantsi, kamar Talata ƙarfe 11. Tsaya a bakin layin minti ashirin. Mutum nawa suka wuce? Akwai kanti a buɗe, tela, mai aski, mai wankin mota, wanda idonsa yake kan hanya duk yini? Unguwannin bayan gari da yawa wurin kwana ne kawai: a fita kafin gari ya waye saboda cunkoson motoci, a dawo bayan isha'i. Masu fasa ɗaki sun san wannan lissafin. Layin da ya zama kufai da rana, a nan ake ɓalle ƙofa cikin natsuwa.

Sai ka koma bayan isha'i, kai da ɗan'uwa ko aboki, kada ka je kai kaɗai. Kada ku ɗauki tasi har ƙofar gida. Ku shiga turoturo, ƙaramar bas ɗin haya, ku sauka inda za ka riƙa sauka kullum, ku taka zuwa gidan kana duba agogo. Tafiyar minti biyar cikin haske da mutane daban take da ta minti ashirin tsakanin ciyayi da kangaye. Ƙirga fitilun titi, waɗanda suke ci ba waɗanda aka kafa ba. Dubi gine-ginen da aka fara aka bari: wa yake kwana ciki? Wasu masu gadi ne da iyalansu, kuma kasancewarsu ma taimako ce. Wasu kuwa matattarar masu shan wiwi da tiramadol ce, za ka gane daga wari da fatun magani a ƙasa. Lura da lungun da babur zai iya shiga ya ɓulle ta wani titi, don 'yan kwashe, masu fizgen waya da jaka a kan babur, irin wannan hanya suke so.

Akwai ma'auni guda da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba: mai MoMo, wato mai tura kuɗi da cire su ta waya. Shi ne mai riƙe tsabar kuɗi a bakin hanya, shi ɓarayi suka fi hari, don haka ya fi kowa sanin lokacin da wuri yake lalacewa. Idan yana zaune hankali kwance har ƙarfe 9, alama ce mai kyau. Idan tun kafin magariba ya naɗe lemarsa, ko yana aiki ta cikin kejin ƙarfe, ka tambayi dalili.

In da hali, ka kwana wajen wani sananne a kusa ka ga asuba. Matanmu masu sarin kaya a kasuwannin Agbogbloshie da Makola tun ƙarfe 4 suke fita da kuɗi a jikinsu, kuma a wannan lokacin ne aka fi tare su. Shin dattawa suna takawa masallaci da ƙafa cikin duhu ba tare da fargaba ba? Mai koko ta kunna wuta a waje? Mata suna tafiya ɗai-ɗai ko sai sun taru? Amsar nan ta fi duk abin da za a gaya maka da baki.

Mataki na uku: tambayi waɗanda ba su da riba a cikin hayarka

Dillali lada yake jira, mai gida kuɗinsa yake jira. Ba lallai su yi maka ƙarya ba, amma ba za su tono abin da ba ka tambaya ba. Nemi mai koko da ƙosai, ɗan okada na bakin mahaɗa, ladanin masallaci, da ɗan hayan da ya daɗe a gidan. Idan ka samu wanda ya tashi daga ɗakin da za ka shiga, ka samu zinariya.

Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. Wanda ka ce wa "Unguwar nan lafiya?" zai ce "Lafiya lau, alhamdu lillahi," don ba wanda yake son ɓata sunan inda yake zaune a gaban baƙo. Sayi koko, zauna, gaisa sosai, sannan ka ce:

"Mma, don Allah in tambaye ki. Iyalina kasuwa suke zuwa da asuba. Wace hanya ce ba a bi a nan idan gari bai waye ba?"

Ko ka ce wa ladan: "Malam, yaushe rabon da a fasa ɗaki a layin nan? Da aka yi, wa ya fito?"

Tambaya ta biyun nan ita ce babba. Babu unguwar da ba a taɓa sata ba. Abin da kake son sani shi ne, ranar da aka yi ihu, mutane sun buɗe ƙofa ko kowa ya ƙara kulle tasa. Tambayi mutum uku da ba su san juna ba. Idan biyu suka ambaci wuri ɗaya, gadar kaza ko bayan makarantar kaza, ka riƙe shi a matsayin gaskiya. Kada ka tsaya ga Hausawa kaɗai. Maƙwabcinka Ga ko Ewe ko Asante shi ne zai ji motsin ƙofarka, ka gaishe shi tun yanzu, ko da 'yar Twi ɗin kasuwa ce.

Mataki na huɗu: leƙa ofishin 'yan sanda da wajen asambuliman

Mutanenmu da yawa ba sa son taka ofishin 'yan sanda sai dole, amma shiga a yi tambaya ba laifi ba ne. Ka ce kana shirin tarewa a wuri kaza, kana son sanin irin ƙarar da aka fi kawowa daga can, ko motar sintiri tana shiga da dare, da lambar da za a kira a samu ofishin kai tsaye. Duba nisa, duba kuma hanya: titin da ruwa ya cinye, mota ba za ta shige shi a watan Yuni ba, komai gaggawar kiran.

Asambuliman, wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, shi ake kai wa kukan fitilun titi da kwata da ciyayin da suka rufe hanya. Tambaye shi ko akwai kwamitin tsaron unguwa da 'yan sanda suka san da shi. Tambaye shi kuma batun fili. A sababbin unguwanni rikicin fili ya kan jawo ƙartin da ake haya su tsare fili da makami. Dokar filaye ta 2020 ta haramta wannan sana'a da ɗaukar masu yin ta, amma ba su ƙare ba. Ɗan haya ba ruwansa da rigimar, sai dai idan ta tashi a ƙofarsa take tashi. Idan ka ga katangu da jan rubutu na gargaɗi ko lambar shari'ar kotu, ka yi tambaya da kyau.

Mataki na biyar: dubi gidan kansa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ƙofa da madogararta, ƙarafan taga, wa yake kulle babbar ƙofa kuma ƙarfe nawa, mutum nawa suke da makulli. A gidan yawa ka ɗaga kai ka dubi silin: idan bangon da ya raba ɗakuna bai kai rufi ba, ana iya shigowa ta sama daga ɗakin da ba kowa. Idan banɗaki a waje yake, ka tuna 'yarka za ta fita da dare. Canja kwaɗo da makulli ranar da ka shiga.

Mataki na shida: bayan tarewa, gina abin da ka baro a zango

Idanun nan da suke tsare mu a Nima ba mu biya ko pesewa a kansu ba, shi ya sa ba mu san darajarsu ba sai mun tashi. A sabuwar unguwa da hannu ake dasa su. A makon farko ka gabatar da kanka ga liman, ga sarkin zango in akwai, da gidaje huɗu mafi kusa. Uwargida ta aika da tuwo ko waina. Ku karɓi lambobin juna. Idan za ku yi tafiya, ko zuwa suna ne a Kumasi, mutum ɗaya amintacce ya sani.

Sa lambobin gaggawa a wayar kowa a gidan, har yara: 191 da 18555 na 'yan sanda, 112 na gaggawa kowace iri, 192 na 'yan kwana-kwana, 193 na motar asibiti. Ciro adireshin gidan a manhajar GhanaPostGPS, wadda aka fara amfani da ita a 2017, ka rubuta shi a bango kusa da ƙofa, don a unguwar da layuka ba su da suna, kwatance da bishiyar mangwaro ba ya kawo taimako da wuri. Danna *#06# a kowace waya ka rubuta lambar da ta fito a littafi. Ita za a nema idan an sace wayar. Wanda ya kira ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ko ya nemi lambar sirrinka ta MoMo, kashe wayar, a kai rahoto ta 292, layin hukumar tsaron intanet. In an yi maka sata, ko ƙarama ce, kai ƙara a rubuta. Sintiri inda ake kuka yake zuwa.

Idan babu kwamitin tsaro, ku kafa, amma ta hannun 'yan sanda: a kai sunaye, a tantance mutane, a san dattijon da yake shugabanta. Aikinsa fitila, usur, waya da rakiya. Kada a bari ɗan siyasa ya saya wa samari riguna ya mai da su nasa. Tun bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 aka yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa, kuma hukuncinta ɗauri ne mai tsawo.

Abu na ƙarshe da dole ku amince a kai tun zaman farko shi ne abin da za a yi idan an kama mutum. A riƙe shi, a kira 'yan sanda, a miƙa shi. Ba duka, ba taya, ba fetur. A watan Mayun 2017 mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe hafsan soja Maxwell Mahama bisa zaton ɗan fashi ne, alhali motsa jiki ya fito. A 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Samarinmu da suke dawowa aiki da dare, baƙi a unguwa, ba kowa ya san fuskarsu ba, su ne farkon waɗanda ihun "ɓarawo" zai iya faɗawa kansu. Ku zaɓi dattawa biyu masu faɗa a ji, ku ba su aikin tsayawa tsakanin jama'a da wanda aka kama har motar 'yan sanda ta iso, kuma ku rubuta sunayensu a littafin kwamiti tun ranar.