Takardar Bango Mai Zanen Ganye: Kurakuran da Suke Sa Ta Ɓare Kafin Damina Ta Fita

Kuskuren farko tun a shago ake yin sa. Mutum ya ga zanen ganyen ayaba ko furanni, sai ya ɗauka ya sayi abin da ba ya cutar da muhalli. Zane dabam, kayan da aka yi ta da su dabam. Yawancin masu sheƙin nan roba ce aka shimfiɗa a kan takarda. Buɗe naɗin ka shinshina: in warin sabuwar leda ya bugi hancinka, roba ce. Ta ainihi da zallar takarda ake yin ta, ko da zaren rama, ko gora, ko ciyawa da aka saƙa, kuma iska tana ratsa ta.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne liƙawa a bango mai danshi. An gama filasta ranar Litinin, ana son ɗakin amarya ya haɗu ranar Juma'a, sai a kira mai liƙi. Haba! Sabuwar filastar siminti tana bukatar aƙalla mako 4 kafin ta bushe, in da damina ne ma fiye da haka. Ruwan da ke cikin bangon dole ya fito. Zai jiƙa gam, takarda ta kumbura, baƙin fumfuna ya biyo layin haɗi, ɗaki ya riƙa warin ruma. Daga nan gara ta samu abinci, don takarda da sitaci su ne cimarta. Ni dai ba na taɓa bango sai na manna leda mai faɗin santimita 50 da salatif, na rufe gefe huɗu, na bar ta kwana 2. In ta yi gumi ta ciki, a haƙura. In kuma ka ga farin gishiri yana fitowa daga ƙasan bango, laima ce take hawowa daga tushen gini. A gyara wannan tukuna, babu gam ɗin da zai riƙe.

Sai gam. Don Allah a daina zuba gam ɗin kafinta zalla. Yana taurara takarda, ranar cirewa kuma sai ya taho da filasta. A samu garin gam na takardar bango, a dama da ruwan sanyi, a bar shi ya jiƙu kamar yadda aka rubuta a kwalinsa. Takarda zalla ana shafa mata gam a baya, a ninke ta minti 5 zuwa 10 ta sha, kuma kowane falle lokacinsa ɗaya, in ba haka ba ganye ba zai haɗu da ganye ba. Mai saƙar rama kuwa, gam ya taɓa fuskarta tabon ya zauna ke nan.

Naɗin da aka saba gani faɗinsa santimita 53 ne, tsawo mita 10. Bango mai tsayin mita 3 falle 3 kawai zai samu daga naɗi guda, don haka mai faɗin mita 4 zai ci naɗi 3. Ƙara ɗaya, kuma ka duba lambar bugu, wato lambar rukunin da aka buga tare, ta zama iri ɗaya a duk naɗin, saboda koren yakan bambanta.

Kada ka bi kusurwar ɗaki, ba kasafai take miƙe ba; ja layi da igiya mai dutse. Fenti mai sheƙi a goge shi da sanfefa, farar ƙasa a kankare ta. Da hunturu a rufe tagogi, a kashe fanka kwana 2, don saurin bushewa shi ke buɗe bakin haɗi.