Yadda Za Ki Ƙiyasta Ranar Da Ciki Ke Kama Mahaifa

Duk macen da ke neman haihuwa ta san nauyin makonni biyun nan da ke tsakanin fitar ƙwai da ranar da take sa ran haila. Mara ta ɗan murɗa, sai zuciya ta ce ko ciki ne. A cikin waɗannan kwanaki ne ƙwan da ya haɗu da maniyyi yake gangarowa ta bututun mahaifa, ya sami wuri a bangonta ya maƙale. Ga yadda za ki lissafa lokacin.

Da farko, ki gano ranar fitar ƙwai. Kusan duk kuskuren lissafi daga nan yake farawa. Mata da yawa sun haddace cewa ƙwai na fita a rana ta 14, alhali wannan na mai zagayen kwana 28 ne kawai. Abin da ba ya cika canzawa shi ne tazarar fitar ƙwai zuwa haila mai zuwa, wadda ke kai wajen kwana 14. Don haka ki cire 14 daga tsawon zagayenki. Mai kwana 32, ƙwanta zai fita wajen rana ta 18. Mai kwana 26, wajen rana ta 12. Rana ta 1 kuwa ita ce ranar da jini ya zo sosai, ba ranar ɗigo ba.

Idan hailarki tana yawo, ni dai ba zan ba ki shawarar dogaro da kalanda ba. Tsinken gwajin fitar ƙwai ya fi, domin yana nuna hauhawar sinadarin LH a fitsari, ƙwai kuma kan fita awa 24 zuwa 36 bayan haka. In tsinke ya nuna yau, ki ɗauki gobe a matsayin ranar fitar ƙwai. Akwai kuma auna zafin jiki kullum da asuba kafin ki sauko daga gado: bayan ƙwai ya fita zafin kan ɗan hau da kusan rabin digiri ko ƙasa da haka, ya zauna a nan. Ruwan gaba mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai shi ma alama ce cewa ranar ta matso.

Kada ki ƙirga daga ranar saduwa. Maniyyi na iya yin kwana 5 da ransa a jikin mace yana jira, shi kuwa ƙwai awa 12 zuwa 24 kaɗai yake yi.

Na biyu, ki ƙirga kwana 6 daga ranar fitar ƙwai, sannan ki ƙirga kwana 12 daga wannan ranar dai. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ne ciki ke kama mahaifa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na cikin da ya ɗore ya kama ne a rana ta 8, ta 9 ko ta 10 bayan fitar ƙwai.

Misali, haila ta zo miki ranar 1 ga Maris, zagayenki kwana 30. Ƙwai zai fita wajen 16 ga wata. Cikin zai iya kamawa daga 22 zuwa 28, amma an fi sa rai tsakanin 24 da 26. Hailar gaba kuma ana jiranta ranar 31.

Wadda aka yi wa dashen IVF (wato a haɗa ƙwai da maniyyi a asibiti sannan a dasa a mahaifa), idan a zagayen da aka ciro ƙwan aka dasa shi, ranar da aka ciro shi ita ce a matsayin ranar fitarsa.

Na uku, ki sassauta wa kanki a kan alamomi. Wasu kan ga ɗan ɗigon jini ruwan hoda ko ruwan ƙasa na kwana ɗaya ko biyu, amma yawancin mata ba sa ganin komai, cikin kuma lafiya lau. Ciwon nono, kasala da kumburin ciki aikin sinadarin furojestaron ne, wanda ke hawa bayan fitar ƙwai ko an samu ciki ko ba a samu ba. Yana sosa mini rai in ga mace ta yanke ƙauna a rana ta 9 bayan fitar ƙwai don kawai ba ta ji komai ba.

Na huɗu, ki jira kafin gwaji. Jiki ba ya fitar da sinadarin hCG, wanda tsinken gwajin ciki ke nema, sai bayan cikin ya kama. Yana farawa kaɗan, ya riƙa ninkuwa duk bayan kwana 2 zuwa 3. Idan naki ya kama a rana ta 11 bayan fitar ƙwai, gwajin rana ta 10 layi ɗaya zai nuna, wato kamar babu ciki. Ki bari sai ranar da kika yi ɓatan wata, ki gwada da fitsarin farko na safe. In bai nuna ba kuma haila ba ta zo ba, ki sake bayan kwana 3.

Amma jini mai yawa, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri da ciwon kafaɗa bayan ɓatan wata, ba abin zaman lissafi ba ne. Ciki na iya zama a wajen mahaifa, ki tafi asibiti nan take.