Kurakuran da ke jawo wa sababbin 'yan wasan harbin fenti kunya a gaban alƙali

Duk ƙarshen mako sai na ga wani sabon ɗan wasa ya shigo filin wasan harbin fenti (paintball), inda ƙungiyoyi biyu ke harbin juna da ƙwallayen fenti, da bindiga mai tsada da riga mai sheƙi, sannan kafin a yi minti biyu alƙali ya fitar da shi, ya haɗa da abokin wasansa da bai ci ba bai sha ba. Na gaji da maimaita magana a bakin ragar da ta kewaye fili, shi ya sa na ce bari in rubuta. A ganina ba rashin iya harbi ne ke kayar da ƙungiya a gasa ba. Abin da mutum ya yi da hannunsa da bakinsa cikin daƙiƙa uku bayan fenti ya fashe a jikinsa, shi ne.

Bari in fara da wanda ya ƙona ni. Goge fenti. Dokar ba ta da wuyar fahimta: ƙwallon fenti ya same ka ya fashe ya bar tabo, ka mutu a wasan, ko a takalmi ne, ko a jikin bindiga, ko a tukunyar iskar da ke tura ƙwallon daga bindiga. In ya buge ka ya yi tsalle bai fashe ba, kana da rai. In ya fashe a jikin shinge ya fantsamo maka, wannan ma ba mutuwa ba ce. Wasu filayen nishaɗi a Amurka suna cewa sai tabon ya kai girman kwabonsu na santi 25, amma a gasa kada ka dogara da wannan.

A wata ƙaramar gasa da muka buga, mutum biyar-biyar, na zame zan shiga bayan shinge sai na ji tas a gwiwar hannu. Na duba, ga ɗigon ruwan ɗorawa. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ba wanda ya gani. Na goga hannun a ciyawa kamar mai gyara kwanciya, na ci gaba da harbi. Ashe alƙalin gefe yana tsaye bayana, ya ga fashewar, ya ga gogewar. Ya ɗaga jan ƙyalle, ya cire ni, ya cire mutum biyu daga cikin 'yan uwana. Muka koma biyu, su huɗu. Abin da ya fi ciwo, ɗaya daga cikin waɗanda aka cire ya riga ya zagaya ya kusa cin bayansu. Da na miƙe na fita salin-alin, da mun ci wannan makin. A mota ba wanda ya ce mini uffan, kuma wallahi gara zagi da wannan shirun.

Wannan tsarin hukunci ba alƙalinmu ya ƙirƙiro shi ba. A gasar NXL ta Amurka, wadda ta fara a 2015 kuma take rufe kakarta da gasar kofin duniya a Kissimmee ta jihar Fulorida, ƙaramin laifi ƙyalle ne ruwan ɗorawa, a fitar da kai da abokinka ɗaya. Babban laifi jan ƙyalle ne, kai da mutum biyu. Goge fenti kuwa yana iya kai mutum ga dakatarwa. An yi haka ne da gangan, don mai maguɗi ya san 'yan uwansa ne za su biya bashinsa. Kuma akwai hukuncin da ba a rubuta ba: daga ranar, duk alƙalin da ya san labarina sai ya manne mini, duk abin da ke da shakka a kaina yake ƙarewa. Na yi kusan shekara ina wanke wannan tabon.

Abin da nake yi yanzu ba kowa zai yarda da shi ba. In na ji duka a inda idona ke iya gani, in duba nan take; in ya fashe, in ɗaga hannu in fice. In a baya ne ko a kan jakar harsashi, sai in daina harbi in kira alƙali ya duba ni. Wasu gwanaye suna cewa ka ci gaba har sai an cire ka, aikin alƙali ne ya gani. To, su suka sani. Ni dai na ɗebo da zafi sau ɗaya, bakina ya ji.

Gawa ba ta magana. In an fitar da kai, ka rufe bakinka, kada ka nuna da yatsa ko da ido inda abokin gaba yake ɓoye, don wannan ma a bakin ran ɗan uwanka ne.

Sai takunkumin fuska, kuma a nan ba na sassauta wa kowa, ko da ya girme ni. Haba jama'a! Ƙwallon nan faɗinsa kusan milimita 17 ne, daidai ramin ido, yana tafiya da gudun da ya kai kilomita 300 a awa ko ya ɗara. Gilashi ya yi maka hazo saboda gumi, sai ka ɗaga shi a tsakiyar fili wai ka share? Ko an busa tashi, akwai wanda bai ji ba kuma yatsansa na kan kunama. Ba a cire takunkumi sai an fita bayan raga kuma kowa ya sanya wa bakin bindigarsa safa, wato murfin da ke tare ƙwallo. Kada wani ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sayi gilashi mai ruɓi biyu wanda ba ya hazo, in ya tsage ko kaɗan ka jefar, kuma tabarau na walda ko na babur ba na wannan wasan ba ne.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne gudun bindiga. Iyakar da aka sani a gasa ita ce ƙafa 300 a daƙiƙa, wajen mita 91, filaye da yawa ma suna tsayawa a 280. Ana aunawa da wata na'ura kafin wasa, alƙali kuma yana da ikon sake aunawa a fili. Da safe na daidaita tawa a 297, ina taƙama na matse doka har ƙarshenta. Tukunyar iskar kabon nake amfani da ita a lokacin, na kuma bar ta a rana a watan Afrilu. Wanda ya san zafin bazara ya san sauran labarin. Iskar kabon ƙarfinta yana hawa da zafi, don haka da azahar da aka auna, bindigar ta haura iyaka. Aka hukunta mu, kuɗin rajista da na mota suka bi ruwa. Ban yi niyyar cuta ba, amma na'ura ba ta karanta niyya. Tun daga nan ba na wuce 285, ina sake aunawa duk lokacin da rana ta ɗaga ko na buɗe sabon kwalin fenti, na kuma koma matsattsiyar iska wadda zafi bai cika wasa da ita ba. Ƙafa goma sha biyar ɗin da na bari ba su taɓa hana ni samun mutum ba.

Tunda an zo kan tukunya: ta alminiyam yawanci matsi 3000 a ma'aunin psi take ɗauka, ta zaren kabon 4500, kuma akwai kwanan wata a jikinta. Yawancinsu duk shekara 5 ake gwada su da ruwa, ta zaren kuma rayuwarta shekara 15 ce. Kada ka kuskura ka ɗiga mai a bakin da ake ɗura iska, mai da iska mai matsi gobara suke haifarwa.

Bindigogin lantarki suna da iyakar yawan harbi, a NXL bai wuce 10.5 a daƙiƙa ba, saboda haka ka duba saitinka kafin alƙali ya duba maka. Fentin da ya faɗi ƙasa ba a tsince shi, ɓawonsa na jelatin ne, yana shan raɓa ya kumbura ya toshe bututu. Kada ka bar kwali a but ɗin mota. Mutum ya ɗaga hannu yana fita, kada ka ƙara masa biyar a baya don jin daɗi. Gobe kai ne a gabansa.

Gardama da alƙali kuma, ban taɓa ganin wanda ya dawo da rai da ita ba. Alƙalai suna kuskure, na yi alƙalanci na sani, ƙwallo goma na wucewa ta gabanka a daƙiƙa ɗaya ga gumi a ido. Ka fita tukuna, bayan an tashi kyaftin ya je wurin babban alƙali ya yi magana cikin ladabi. Ranar da na riƙe ƙyalle da kaina, wani yaro ya goge fenti a gwiwar hannu a gabana, irin tawa sak. Na cire shi da mutum biyu. Da aka tashi ya zo yana rantsuwa cewa fantsami ne, sai na kama hannun rigarsa na nuna masa guntun ɓawon da ya maƙale a zaren.