Yadda za ka zaɓi gas da firji na keg a gida

Kun dame ni da tambaya kan yadda ake haɗa keg ɗin abin sha na gida, wato tankin ƙarfe da ake sa wa a firji, gas na turo abin shan waje, to ga shi:

1. Auna cikin firjin tukuna, keg mai lita 19 dogo ne, tsayinsa wajen santimita 60 ne.
2. Sayi silindar CO2 (iskar da ke sa lemon kwalba kumfa) ta abinci, ba gas ɗin girki ba don Allah.
3. Haɗa ta da regulato, wato na'urar daidaita matsin gas, mai agogo biyu.
4. Ɗaure silindar a tsaye kar ta kwanta.
5. Sa sanyi digiri 3 zuwa 4, matsin gas kuma psi 10 zuwa 12 (psi ma'aunin matsi ne da ke kan agogon regulato).
6. Hattara nan ake ɓarna, in za ka wuce da tiyo kar ka huda bangon firji kai tsaye, akwai bututun sanyi a ciki, ni haka na kashe nawa wallahi har yau yana min ciwo.
7. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyon gas, in ya yi kumfa to yana yoyo, ƙara ɗaurewa.