Yadda na ƙara wa sabar Squid wurin ajiya

Sabarmu ta Squid, wadda ke adana shafukan da aka saba buɗewa don kada a riƙa sake ɗauko su daga intanet, ta fara jan ƙafa. Faifanta ya cika, kullum tana goge tsofaffin fayiloli don sababbi su samu wuri.

Shawarar da aka ba ni ita ce in sayo ƙaton faifai guda ɗaya. Kafin nan sai na duba da iostat, manhajar da ke nuna yawan aikin da faifai ke yi, na ga faifan ba ya hutawa ko kaɗan, alhali bayanan da ke wucewa ba su taka kara sun karya ba. Squid ƙananan fayiloli take karantawa nan da can, kuma faifai mai juyi 7200 a minti da ƙyar yake wuce irin wannan aiki 100 a daƙiƙa. Girma ba zai magance wannan ba.

Don haka na sa SSD biyu, wato faifai masu sauri da ba sa juyi, kowanne da cache_dir nasa (wurin da Squid ke ajiye fayilolinta), ba RAID 5 (haɗa faifai da yawa don kada bayanai su ɓace in ɗaya ya lalace). Duk abin da ya ɓace a nan ana iya sake ɗauko shi, to me zai sa a rage gudu don kare shi? Wajen zaɓe, adadin TBW, wato yawan bayanan da za a iya rubutawa a SSD kafin ya lalace, na fi dubawa, domin rubutu ba ya tsayawa dare da rana.

Sai maganar RAM, wadda mutane ke mantawa. Squid tana riƙe jerin fayilolinta a ciki, kimanin MB 14 ga kowane GB na ajiya, shi ya sa na fara ƙara RAM. Na sa noatime, saitin da ke hana rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, na bar kashi 20 na kowane faifai ba komai. Yanzu shafuka na buɗewa nan take.